Sanya wa manhajar 'yan hatsi rajistar log: kundin aiki daga Samaru

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Manhajar tamu ta masu sayen hatsi ce. Mai sito yana rubuta buhunan masara, dawa da waken suya da suka shigo, da wanda ya kawo su, da kuɗin kafin alƙalami da aka ba shi, da la'adar dillali, da kuɗin dako, da abin da ya rage a biya. Da Flutter, wani kayan aikin gina manhajar waya, muka gina ta, kod ɗaya ke aiki a Android da iPhone. Ko babu netwok tana aiki: komai na zama cikin SQLite, wata ma'ajiyar bayanai, a wayar, idan sabis ya dawo sai ta daidaita da saba, wato babbar kwamfutar da ke tara bayanan kowa ta intanet. Masu amfani da ita suna Sabon Gari, wasu a hanyar Giwa, wasu a Soba. Mu biyu ke riƙe da kod ɗin, ni da abokin aikina, a wani ɗan ofis a Samaru, Zariya.

Kaka ta shigo, ciniki ya buɗe, ƙorafi ma ya ƙaru. Iri biyu ne ke ta dawowa. Na farko, mutum ya shigar da ciniki sau ɗaya, da yamma ya tarar da shi sau biyu, lissafin bashi ya ruɓanya. Na biyu, ana cikin aiki manhajar ta rufe da kanta, a buɗe ta a tarar abin da ake rubutawa ya tafi. Duk biyun ba su taɓa faruwa a gabanmu ba.

A ofis, idan na jona waya da kwamfuta, duk abin da print, umarnin fitar da rubutu daga cikin kod, ya fitar ina karanta shi a logcat, inda Android ke tara saƙonnin manhajoji. To amma wayar da ke da matsalar tana aljihun wani a kasuwa, kuma logcat ba wurin ajiya ba ne. Ɗan sarari ne mai iyaka wanda manhajojin wayar duka ke zuba nasu a ciki, sabo na shigowa tsoho na fita. Kafin wayar ta iso Samaru abin da muke nema ya daɗe da gogewa. Ko yana nan ma, sai an buɗe zaɓin masu gina manhaja an jona igiya, abin da ba zan nemi ɗan kasuwa ya yi ba ana tsakar awo.

Saboda haka yau muka tsayar da shawara: manhajar za ta riƙa rubuta rajistar abin da take yi, wato log, cikin fayil a wayar kanta, kamar malamin sito da ke rubuta duk buhun da ya shiga da wanda ya fita ko maigida yana nan ko ba ya nan. Idan an samu tangarɗa, mai wayar ya turo mana. Wanda za a rubuta wa rajistar shi ne wanda bai ga abin da ya faru ba, wato mu, bayan kwanaki.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Zaɓen laburare, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta da za mu ɗora a kan namu. Biyu muka duba da kyau a pub.dev, shafin da ake samun irinsu, sunayensu na kama da juna: logger da logging.

Logger na da kyan gani. Yana zana akwati a kewayen kowane saƙo, ya sa launi, ya nuna inda aka kira shi. A allon kwamfuta abin sha'awa ne. Sai dai yadda ya zo, matatarsa ba ta fitar da komai idan ba a sigar gwaji ba, kuma mu sigar da ke hannun mutane ce damuwarmu. Ana iya sauya matatar, ana iya sauya salon bugun, amma idan muka cire akwatin da launin, mun cire abin da ya sa ake sonsa.

Logging kuwa na masu kula da Dart ne da kansu, yaren da ake rubuta manhajar Flutter da shi. Ƙarami ne ƙwarai, kuma shi kaɗai ba ya buga komai a ko'ina. Abin da yake yi shi ne ya tattara kowane saƙo cikin wani tsari mai suna LogRecord, ɗauke da lokaci, da mataki, da sunan sashen da ya rubuta, da lambar jeri, da kuskuren idan akwai, sannan ya zubo su ta Logger.root.onRecord. Kai ne za ka tara hannu ka yanke inda za su je. Wannan muka ɗauka. Abokin aikina ya so logger saboda sauƙin karatu lokacin gwaji, muka daidaita a kan cewa zan rubuta masa ɗan mai bugawa mai launi na ofis kawai.

Ƙanƙantar tasa na cikin abin da ya ja ni. Duk wanda ke wannan sana'a a Disambar 2021 ya tuna Log4Shell, ɓarakar da aka gano a Log4j na Java, inda rubutun da wani ya turo daga waje, da zarar an sa shi a log, zai iya sa saba ta ɗauko kod ɗin baƙo ta gudanar. Ba ta shafi Dart ba, amma tun daga nan na fi natsuwa da laburaren da zan iya karance shi kaf a zama ɗaya, in tabbatar ba ya yi wa saƙo wata fassara.

Mun yi maganar Firebase Crashlytics da Sentry. Dukansu na aiki da Flutter, kuma suna turo rahoto ba tare da mai waya ya taɓa komai ba. Crashlytics na riƙe saƙonnin log har 64 kB a kowane zama, yana haɗa su da rahoton kuskure. Amma ruɓanyar ciniki ba ta jefa kuskure ko ɗaya. A wurin manhajar komai lafiya lau ne, don haka babu rahoton da zai tashi. Ga kuma batun tura bayanan mutane zuwa wani kamfani na daban, da cin datar da suka saya da kuɗinsu. Mun ajiye su gefe zuwa gaba.

Talata, 14 ga Oktoba

Na cire print daga ko'ina, na kunna dokar avoid_print ta yadda duk wanda ya sake rubuta shi zai ga gargaɗi. Sassa huɗu suka samu suna: ajiya, daidaita, allo, hoto. Da hannu na rubuta sunayen, ban ɗauko su daga runtimeType ba, domin sigar da muke fitarwa ana rikita sunayen kod ɗinta da --obfuscate, sunan aji ya koma wasu haruffa marasa ma'ana.

Laburaren na da matakai takwas, daga FINEST mai lamba 300 har SHOUT mai 1200. Huɗu suka ishe mu. FINE na ƙananan bayanai ne da mu kaɗai ke so lokacin gwaji. INFO na abin da ya faru yadda ake tsammani: an adana ciniki, an fara daidaitawa. WARNING na abin da ya karkace amma manhajar ta iya da shi. SEVERE na abin da mai waya zai ji a jikinsa. A sigar kasuwa daga INFO mai 800 zuwa sama kawai ake rubutawa.

Wata dabara da ta yi mini daɗi: ana iya miƙa wa log.fine aiki maimakon rubutu, sai idan matakin na kunne sannan za a haɗa jimlar. A ƙaramar waya wannan na rage wahalar banza.

Talata, 21 ga Oktoba

Rubutu cikin fayil ya fi komai cin lokaci zuwa yanzu.

Tambayar farko, ina za a ajiye? Laburaren path_provider na ba da wurare da dama. Babban fayil na wucin gadi bai yi ba, domin Android da iOS duka na iya share shi idan wuri ya yi ƙaranci, kuma wayoyin mutanenmu kullum cike suke da bidiyo da saƙon murya. Na zaɓi getApplicationSupportDirectory. Nan ma akwai abin lura: tun Android 6.0 akwai ajiyar kai-tsaye da ke kwashe fayilolin manhaja har 25 MB zuwa Google Drive na mai wayar, iPhone kuma na kai nata iCloud. Babu dalilin da log zai bi su can. A Android na rubuta dokar ware shi a fayilolin XML biyu, domin daga Android 12 tsarin dokar ya sauya. A iOS na sa wa babban fayil ɗin alamar isExcludedFromBackup.

Na biyu, girma. Fayil uku, kowanne 512 KB. Na farko ya cika, a sauya masa suna ya koma na biyu, na biyu ya koma na uku, na uku a goge. Duk abin da ya haura kwana goma sha huɗu ma a goge ko bai cika ba. Wajen ƙirga girman sai da na bi bayit ba haruffa ba. Saƙonninmu da Hausa muke rubuta su, kuma a UTF-8 kowane ƙ, ɗ da ɓ bayit biyu ne, alamar naira kuma uku.

Na uku, yaushe za a rubuta? Allon waya na sabunta kansa sau 60 a daƙiƙa, kusan milisakan 16 ke nan ga kowane zane. Idan aka tsaya jiran faifai a kan kowane layi, mai waya zai ga allon na cijewa. Idan kuma aka tara da yawa kafin a rubuta, sai tsarin wayar ya kashe manhajar, layukan ƙarshe, waɗanda su ne muka fi buƙata, su tafi da ita. Abin da na yi: layuka na taruwa a ƙwaƙwalwa, duk daƙiƙa biyu a zuba su. WARNING da SEVERE ba sa jira. Haka nan da zarar manhajar ta koma bayan fage, wato yanayin paused, a zuba duk abin da ke hannu nan take. Ban dogara da detached ba, domin babu tabbacin za a kira shi kafin a kashe manhajar.

Aikin matse hoto muna yinsa ne a isolate na daban, wato wani sashen manhajar da ke gudana a gefe shi kaɗai, kuma kowane isolate na da ƙwaƙwalwarsa, don haka Logger.root ɗinsa daban ne, babu mai sauraronsa. Na sa yana turo saƙonninsa ta SendPort zuwa babban isolate, hannu ɗaya kawai ke taɓa fayil ɗin.

Wuta ta yi ta ɗaukewa a makon nan, inbata ta riƙe kwamfutoci amma ban da fanka.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na ɗaura FlutterError.onError domin kurakuran zana allo, da PlatformDispatcher.instance.onError, wanda ya zo da Flutter 3.3, domin sauran kurakuran Dart da babu wanda ya tare. Duk biyun na zuwa SEVERE tare da jerin kiran da ya kai ga kuskuren. A sigar kasuwa jerin lambobi ne zalla, sai an bi ta flutter symbolize da fayil ɗin alamomin ainihin sigar da ainihin nau'in injin. Wayoyi masu araha da yawa har yanzu na bit 32 ne, don haka na arm da na arm64 duka muke adanawa, kowace siga da babban fayil ɗinta. Layin farko na kowane zama yanzu na ɗauke da lambar siga, samfurin waya, sigar Android ko iOS, da girman ƙwaƙwalwa.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na je Sabon Gari wurin wani Alhaji da ke cikin waɗanda suka fara amfani da manhajar, domin in sa masa sigar gwaji. Sitonsa cike da sabuwar masara, 'yan dako na ta sauke wata mota, yaron shagon na ɗinke bakin buhu da basilla. Ina yi masa bayanin maɓallin da muka ƙara, mai cewa "Tura rahoton matsala", sai ya ɗaga hannu.

"Malam, tsaya tukuna. Wannan abin da ka ce tana rubutawa a ɓoye, har da sunayen mutanen da nake bi bashi?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Aikin da ta yi kawai take rubutawa."

Ya ce, "Ka gane dalilina. Akwai wanda ya karɓi buhu ashirin a wurina, ko iyalinsa ba su sani ba. Idan maganar ta fita ta wayata, ni na tona masa asiri. Kai na san ka, na san mahaifinka. Amma abin da aka tura a waya, wa ya san inda zai tsaya?"

Gaskiyarsa ce. Fayil ɗin zai bi ta WhatsApp, ya zauna a wayata, ya zauna a kwamfutar ofis, wataƙila in tura wa abokin aikina. Kowane mataki wata ƙofa ce. Kuma hanyar da ta fi sauƙi a wannan aiki, wadda za ka gani a misalai da yawa, ita ce a sa abin da ke buga duk saƙon da ya fita zuwa saba ɗungurungum. A manhajarmu wannan na nufin suna, lambar waya, adadin kuɗi, har da mabuɗin shiga asusun mutum da ke cikin Authorization.

Dokar da muka kafa yau ga ta. Ba a rubuta suna, ba a rubuta lambar waya, ba a rubuta adadin kuɗi ko na buhu, ba a rubuta abin da mutum ya buga da hannunsa. Ciniki na bayyana ne da haruffa takwas na farkon lambar shaidarsa, wadda ba ta da ma'ana ga kowa sai mai riƙe da ajiyar. Saƙo zuwa saba kuma, hanyarsa kawai, da lambar amsa, da tsawon lokacin da ya ɗauka.

Tunda kuskuren da SQLite ko saba ta jefo na iya ɗauko bayanin mutum a cikin jimlarsa, na sa mataci kafin a kai ga fayil. Lambar wayar Najeriya lamba 11 ce, ko ta fara da +234. BVN lamba 11, NIN lamba 11, lambar asusun banki 10. Duk jerin lambobi goma zuwa sama, sai a maye gurbinsa da taurari. Suna ne ba shi da siffar da za a kama shi da ita, shi ya sa ga kurakuran ajiya nau'in kuskuren da lambarsa kawai muke ɗauka, mu bar jimlar.

Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 kuma hukumar NDPC ke kula da ita, ta ce a taƙaita tattara bayanai ga abin da ake buƙata, kada kuma a riƙe su fiye da lokacin buƙata. Abin da Alhaji ya nema bai saɓa da wannan ba, ya ma ƙara mana abu guda da ban yi niyya ba. Ya ce yana so ya ga abin da idonsa kafin ya tafi. Don haka maɓallin zai fara buɗe rajistar a allo, mutum ya karanta ko a karanta masa, sannan ya tura. Nan ne rubuta saƙonnin da Hausa ya yi rana. Na nuna wa yaron shagon nawa, ya karanta wa Alhaji layi uku da ƙarfi: an adana ciniki, an fara aikawa, an karɓa. Alhaji ya ce, "To, wannan ba komai. Sa mini."

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Ɓangaren iPhone. Masu ita a cikin mutanenmu ba su da yawa, galibi manyan dillalai ne, amma su ne ke da ciniki mafi nauyi. Mac ɗaya gare mu, nan na haɗa sigar na ɗora a TestFlight, hanyar Apple ta raba sigar gwaji. Kod ɗin rajistar bai buƙaci sauyi ba ban da alamar hana ajiya a iCloud da aka rubuta da Swift. Turawa ta laburaren share_plus ta yi aiki a ɓangarorin biyu. Ana matse fayilolin uku da gzip a miƙa su a matsayin takarda, kuma rubutu irin wannan mai yawan maimaici na matsuwa sosai, bai kai girman hoto ɗaya ba.

Na sake duba bayanin sirri da muka cike wa App Store da fam ɗin Data safety na Google Play, domin abin da aka faɗa can ya dace da abin da manhajar ke yi yanzu. Sigar TestFlight na ƙarewa bayan kwana 90, na rubuta ranar a allon ofis.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Rahoton farko na gaske ya iso da hantsi, daga wani mai saye a hanyar Giwa. Saƙon muryarsa gajere ne: "Malam, ta sake yi. Na tura maka abin nan." Ga layukan da suka dace, na cire kwanan wata:

09:42:07 #311 INFO ajiya: an adana ciniki 7f3a91c2
09:42:08 #312 INFO daidaita: aika 7f3a91c2, yunƙuri 1
09:42:23 #313 WARNING daidaita: wa'adi ya cika, babu amsa
09:42:53 #314 INFO daidaita: aika 7f3a91c2, yunƙuri 2
09:42:57 #315 INFO daidaita: amsa 201

Amsa 201 na nufin saba ta rubuta sabon abu. Sau ɗaya ya adana. Wannan kaɗai babban abu ne, domin zaton da ke yawo shi ne mutane na danna maɓallin sau biyu, har abokin aikina ya fara shirin kulle shi bayan dannawar farko. Layi na 311 ya wanke mutumin.

Na buɗe rajistar saba a daidai wannan minti. Saƙon farko ya iso, an rubuta shi, an mayar da amsa. Amsar ce ba ta kai wayar ba. A kasuwa ranar cinkoso netwok na iya ɗaukar saƙo ya tafi da shi, ya kasa dawo da amsa a cikin daƙiƙa goma sha biyar da muka ba shi. Wayar ta ɗauka bai je ba, ta sake aikawa, saba ta karɓa a matsayin sabon ciniki ta ba shi sabuwar lamba. Da aka daidaita da yamma, sai wayar ta sauko da ɗayan a matsayin wani ciniki na daban. A ofis ba za a taɓa ganin wannan ba, domin intanet ɗinmu ko dai yana nan ko ba ya nan; ba ya tsayawa a tsakiya. Gani ya kori ji.

Maganin ba ya cikin wayar sosai. Lambar shaidar da wayar ke ƙirƙira wa kowane ciniki, UUID, ita saba za ta riƙa dubawa. An sa wa ginshiƙinta sharaɗin kada ta maimaitu. Idan saƙo ya zo da lambar da aka riga aka gani, ba a sake rubutawa, sai a mayar da 200, lambar amsa mai nufin komai lafiya, tare da wanda ke ajiye. Da haka wayar na iya sake aikawa ko sau nawa ne ba tare da lissafin kowa ya motsa ba. Abokin aikina ya gama wannan kafin magariba.

Saura waɗanda suka riga suka ruɓanya. Ba za mu goge su daga nan ba, domin kuɗin mutane ne, kuma yana yiwuwa mutum ya sayi buhu biyar sau biyu daga hannun mutum ɗaya a rana ɗaya. Manhajar za ta nuna wa kowa nasa da ake zargi, biyu-biyu, shi ya zaɓa.

Na ƙara layi guda da ke rubuta irin haɗin da wayar ke kai lokacin aikawa. A tuna laburaren connectivity_plus na faɗin cewa akwai data ko Wi-Fi ne kawai, ba ya tabbatar da cewa intanet na tafiya.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Hunturu ya fara sauka, rahotanni kuma na shigowa daidai gwargwado. Abu biyu suka fito.

Wata rajista ta zo da kwanan watan wata shekara da ta wuce. Batirin wayar ya mutu ƙurmus, agogonta ya koma baya, mai ita bai damu ya gyara ba. Lambar jeri ce ta cece ni wajen sanin abin da ya riga wani, amma tana komawa farko duk lokacin da aka buɗe manhajar. Yanzu kowane zama na da gajeriyar lambarsa, ana rubuta lokaci da agogon UTC, wanda ke bayan namu da awa ɗaya, kuma a amsar farko daga saba ana karanta lokacin da ke kanta a rubuta tazarar da ke tsakaninsa da agogon wayar.

Na biyun shi ne rufewar nan da kanta. A rajistoci daban-daban layin ƙarshe iri ɗaya ne: hoto, an buɗe kyamara. Babu SEVERE, babu komai, sai sabon zama. Ma'ana ba kuskuren Dart ba ne. Idan mutum zai ɗauki hoton rasit, manhajar kyamara ce ke zuwa gaba, tamu ta koma baya. A wayar da ke da ƙwaƙwalwar 2 GB, Android na iya kashe ta bayan domin ya ba ta gaban wuri. Daga Android 11 akwai ApplicationExitInfo, inda manhaja ke iya tambayar dalilin mutuwarta ta baya. Na rubuta ɗan kod na Kotlin da ke karanto shi ta MethodChannel a farkon kowane zama. Wayar farko da ta turo da sabuwar sigar ta ce REASON_LOW_MEMORY. Wata ta ce an kashe ta da sigina kawai, domin ba kowace waya ke bayyana ƙarancin ƙwaƙwalwa da sunansa ba, amma wurin da ta tsaya ɗaya ne.

Image_picker, laburaren ɗaukar hoto, ya san da wannan hali, yana da retrieveLostData domin karɓo hoton bayan manhajar ta farfaɗo. Za mu haɗa shi da adana abin da ake rubutawa kafin a buɗe kyamara, ta yadda mutum zai dawo ya tarar da fam ɗinsa yadda ya bar shi, hoton a maƙale.

Talata, 2 ga Disamba

Sigar da ke da gyaran biyu ta fita a Google Play ga kashi kaɗan na masu amfani tukuna, ta iPhone na jiran dubawar Apple. Tun da aka gyara saba ban ga ruɓanya a rajistar da ta iso ba, ko da yake akwai layukan yunƙuri na biyu da na uku da yawa masu amsar 200, wato matsalar netwok ɗin na nan, illar ce ta kau.

Mataci ya yi wuce gona a wuri ɗaya: yana rufe lokacin da aka rubuta da milisakan, tunda shi ma dogon jerin lambobi ne. Na bar matacin yadda yake, na sauya yadda ake rubuta lokacin. Na kuma rubuta masa gwaje-gwaje da lambobin ƙarya masu siffar waya, BVN da asusu, har da masu tazara ko ɗan layi a tsakani, domin haka mutane ke rubuta su.

A ɓangarenmu, duk rajistar da aka turo tana shiga babban fayil ɗaya a kwamfutar ofis, a goge ta daga WhatsApp, kuma idan an rufe matsalar a goge ta gaba ɗaya. Abokin aikina ya nemi a ƙara hanyar kunna FINE a wayar mutum na awa ɗaya idan muna bin wata matsala mai wuya. Na yarda, da sharaɗin mai wayar ne zai kunna da hannunsa, kuma ta mutu da kanta. Kafin a yi wannan sai na bi duk layukan FINE ɗaya bayan ɗaya, domin an rubuta su ne da tunanin ba za su bar ofis ba. Wannan ne aikin makon nan, sai kuma wayoyin da ke ƙasa da Android 11, waɗanda ba su da ApplicationExitInfo: a kansu zan gwada ajiye alama a fayil kafin buɗe kyamara, a share ta idan an dawo lafiya, idan kuma aka tarar da ita a farkon zama a rubuta WARNING.